Rasuwar Bajamushe, Allon Motar Sânziana

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Toader Hotico, kafinta a unguwar gangare, ina sanar da dangi da maƙwabta, da duk wanda muka taɓa rage wa hanya zuwa birnin Baia Mare, rasuwar allon nan mai kama da talabijin da ke kusa da sitiyarin motarmu, wanda a gida muke kira Bajamushe. Ya rasu cikin sanyin Janairu yana da shekara tara, uku daga ciki a hannunmu.

Kada a yi kuskure, motar tana raye. Injinta lafiya lau, tayoyinta sababbi. Allon ne ya tafi, sai dai bai tafi shi kaɗai ba. Ya tafi da hita, da iskar da ke share tururi daga gilashin gaba, da rediyo, domin masu ilimin da suka ƙera motar sun tara waɗannan duka a cikinsa, ba su bar mana ko maɓalli ɗaya da mutum zai murɗa da hannunsa ba.

An haifi marigayin a Jamus. Ya yi wa wani likitan haƙori hidima kafin ya iso mana a bayan tirela. Ba don kaina na sayi motar ba. 'Yata Sânziana ta gama karatun jinya, ta sami aiki a asibiti a birni, a lokacin da yayanta Pătru yake ta kiranta ta bi shi Torino ta ƙasar Italiya, inda ya tafi aikin gini, ba ma ganinsa sai watan Agusta. Tsakaninmu da birni akwai dutsen Gutâi da kwane-kwanensa, bas kuma ba ta tashi da sassafen da aikinta ke bukata. Na sayar da filin ciyawarmu na sama, na ajiye mata makulli a kan tebur, na ce, "Ga mota. Ki yi aikinki, ki riƙa kwana a gidanku." Ta yarda.

Na shaida marigayin mai kirki ne a zamaninsa. Yakan ɗumama kujera kafin mutum ya kai bakin gada. Yakan nuna bayan mota, ta dalilinsa kajin matata Năstaca da yawa suka kai tsufa. In an taɓa shi yakan amsa da ɗan "tin" mai ladabi. Bai taɓa koyon harshenmu ba, mu ma mun kasa gano inda ake canza masa. Da muryar mace yake magana, kuma duk sanda aka sauka daga kwalta aka kama hanyar ƙauyenmu sai ya ce "bitte wenden", wanda Pătru ya ce ma'anarsa a juya a koma. Ban riƙe shi da wannan ba.

Ciwon ajalinsa ya faro ne tun bara, da wani ɗan kumfa a kusurwar hagu, kamar bororon ƙuna. Sai a danna nan, ya amsa can. Muka yi haƙuri da shi kamar yadda ake yi da tsoho.

Sai ranar bikin ruwa mai tsarki ta zo, ranar da Fada Pahomie yake bi gida gida da bokiti da damin ɗaɗɗoya yana yayyafa wa ɗakuna da shanu da duk abin da mutum ya dogara da shi. Năstaca ta buɗe ƙofofin motar duka huɗu, ta ce, "Fada, kada ka yi rowar ruwa, yarinyar nan dutse take hawa kullum." Bai yi rowa ba. Ya tsoma damin sau biyu, ya watsa a sitiyari, a kujeru, a fuskar Bajamushe. Ruwan ya gangara ta gefen gilashi ya shige. Kashegari ƙanƙara ta kama har rijiya.

Daga nan ya fara sambatu. Ya kira Pătru a waya ba wanda ya sa shi. Ya ƙure rediyo a gaban maƙabarta. A rana ta ƙarshe ya kunna iskar sanyi irin ta bazara, ya juya ta kan ƙafafu, ya yi fari fat, sannan ya yi baƙi. A haka ya bar motar, haka take har yau.

Ba na son in ji wani ya ɗora wa matata laifi, ko Fada. Ruwan nan shi ake zuba wa taraktar mahaifina tun ina yaro, ga ta can tana jan itace. Abin da ba ya iya ɗaukar albarka, ban san don wace duniya aka ƙera shi ba.

Mun nemi magani. Na fara kai shi wurin Gavrilă bakanike, wanda muka yi firamare tare, mutumin da ya taɓa tayar da injin niƙa da waya da cokali. Ya zagaya shi da tocila, ya shafa gefensa, ya ce, "Toader, ina kusoshin? Wannan liƙe shi aka yi da gam kamar takalmin kasuwa. Kai da ba ka yarda da ƙofar da ba ka sassaƙa ba, ka je ka sayo talabijin mai taya!" Na ce, "Gyara za ka yi ko wa'azi?" Ya ce, "Wa'azin kyauta ne. Gyaran ba ni da shi."

A birni wani saurayi mai farar riga ya jona masa kwamfuta, ya ce irin wannan allon an daina yinsa, kuma ko ba ruwa, shekara tara ai ya yi ƙoƙari. Ya faɗi haka kamar yana yaba masa. Muka samo wani daga wurin masu sayar da kayan motocin da suka yi haɗari. Gavrilă ya ɗaura, allon ya kama, ya yi haske, har Năstaca ta fara godiya. Sai ya rubuta wani abu da Jamusanci ya tsaya. Aka karanta mana: bai san wannan motar ba. Wai kowane allo an ɗaure shi da lambar motar da aka haife shi a ciki, ba mai kwancewa sai kamfanin, kamfanin kuma ya ce in kawo motar a duba, wataƙila cikin bazara.

Marigayin ya bar mota ɗaya mai cikakkiyar lafiya da ba ta ganin gabanta. Ya bar ramin murabba'i a inda yake, wayoyi na leƙowa. Ya bar tsumma, da bargo, da wani tsohon katin banki da ake kankare ƙanƙarar gilashin gaba da shi daga ciki.

Ya kuma bar Sânziana tana hawa Gutâi da asuba, taga a buɗe don kada numfashinta ya daskare a gilashi, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya da tsumma. Kullum ina tsaye a ƙofa da waya har sai ta rubuto cewa ta isa. Ran Talatar da ta wuce ba ta rubuto ba. Direban motar katako ne ya kira ni. A kwanar da ke ƙasa da maɓuɓɓugar ruwa, gilashin ya rufe mata gaba ɗaya, ta ga fitilun motarsa a makare, ta kauce ta faɗa cikin tarin dusar ƙanƙara a gefen hanya. Taku kaɗan gaba, kwari ne. Ba ta ji ciwo ba.

Da na isa na same ta zaune a motar mutumin, ya ba ta shayi. Na fara cewa zan riƙa kai ta da kaina, ni in goge, ita ta tuƙa. Ta ce, "Baba, mu biyu za mu faɗa ke nan." Na ce to ta kama ɗaki a birni zuwa bazara. Ta ce, "In dai ɗakin haya ne, na Torino ma ɗaki ne, kuma can albashin ya fi." Ba ta ɗaga murya ba. Na buɗe baki in hana ta, sai na kalli kwarin, na rufe.

Za a yi jana'iza ranar Asabar. Da safe za mu raka Sânziana bakin babban titi, inda bas ɗin Italiya ke tsayawa, a motar Gavrilă, mai hita. Da mun dawo, za a ɗauki gawar daga kan teburin aikina, inda take kwance cikin akwatin da na yi mata da ragowar katako, a kai ta bayan gareji. Fada Pahomie ya nemi a ɗauke masa zuwa, na kuma fahimce shi. Năstaca za ta dafa alkama da zuma kamar yadda ake yi wa mamaci, akwai barasar gida ga mai so.

Ba a bukatar furanni. Masu zuwa ta'aziyya, don Allah kada a ce mini yarinyar ta yi sa'a, na sani. Kada a tambaye ni ko zan sayar da motar. Ɗakin Sânziana na sama kuma ba na haya ba ne.