Yaƙin Tanimu Mai Faci da Layin y

Da sunan Mai kowa mai komai muke buɗe labarin Tanimu ɗan Jatau, jikan Barau, sarkin faci na bakin tasha, gagarabadau mai sa taya numfashi, wanda ya yi wa makaranta saki uku tun yana aji biyu.

A shekarar da ya ɗaura ɗamarar neman auren Malama Kubura, mai koyar da lissafi, baki ya kwashe shi a wurin zance, ya ce ai shi lissafi a cikin nono ya sha. Malama ba ta yi musu ba. Ta kama biro ta rubuta masa a tafin hannu: y = 2x² + 3x + 7.

"Malam Tanimu, wannan lanƙwasasshen layi ne. Gaya mini inda ya yanki layin y, sai ka turo magabatanka. In ka kasa, ka huta da zaryar."

Washegari sadaukin ya yi shirin yaƙi. Ya lanƙwasa tsohon tub na cikin taya ya zama layin, ya kafa sandar famfo ta zama y, ya tsoma rundunar duka a bahon ruwa, domin a iliminsa duk abin da aka yanka sai ya yi kumfa. Ya yi kururuwa, "Fito, matsoraci!" Kumfa ba ta fito ba. Ya kai farmaki da guduma, ya yi kwanton ɓauna da gam, masu babura suna ta tura ababen hawansu zuwa wajen abokin hamayyarsa a sana'ar faci. Kwana biyu bai wanke hannun dama ba, har tuwo da hagu ya ci, amma gumi da baƙin mai ba su san alfarma ba.

Ranar Juma'a da la'asar ya isa ƙofar gidan su Malama a karye, ya buɗe tafin hannu don miƙa wuya.

"Malama, duk sun goge. Bakwai kaɗai ta rage."

Ta dube shi da mamaki. "Ashe da gaske kake. Ka mai da x sifili, sauran suka ɓace, bakwai ta tsaya. Amsar ke nan."

Tanimu ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya. "Ai da ma."

An ɗaura aure bayan Sallah. Har yau, in aka tambaye shi yadda ya ci wannan yaƙi, sai ya ce sirrin sana'a ne, ya sunkuya ya ci gaba da ba taya iska.