Ranar da Efraín Ya Zama Ruwan Sama

"...Lafiya lau, ɗan kawu, in ban da ganin fuskarka da sassafe. Gida ka kwana, ko a wani lungu aka jingine ka?"

"Gida na kwana, 'yar goggo. Ke ce dai idonki kamar wadda ta shanye tukunyar kofi ita kaɗai."

Maritza ta danne dariyarta, ta ajiye kwamfuta a teburin ofishin ƙungiyar manoman kofi da ke gangaren duwatsun garin Manizales. Ita ta ƙera 'yar manhajar da za ta riƙa ɗauko saƙonnin imel na masu sayen kofi, ta miƙa wa ɗan aiken kwamfuta, wato mai ƙirƙirarriyar basirar nan da ke karantawa ya sanar da manoma ta waya. Shi kuwa ɗan aiken, duk wayonsa, bai san yadda ake amfani da manhajar ba sai abin da aka rubuta masa a bayani. Bara saƙon wani mai saye ya kwanta a akwati ba wanda ya gani, kofin mahaifinta, dattijo Don Aurelio, ya zauna a buhu har kasuwa ta wuce shi. Ta yi wa tsohon alkawari ba za a sake ba. Ga girbi ya ƙarato, kuma in Efraín, ɗan kawunta mai duba ayyukan ƙungiyar, bai sa hannu yau ba, sai bayan girbi.

"Kin san dokar ofishin nan," in ji Efraín. "Wanda ya rubuta bayani ba ya taɓa kwamfuta, ba ya tofa wa ɗan aike komai. Hannu a baya."

"Na sani. Dokar da aka kafa don kai ma a ce kana aiki."

"Bakin nan naki ne nake tausayi. Tun da aka haife ki bai taɓa hutu ba."

Ya buɗe ledar buñuelo masu zafi, wato irin fanken mutanen nan, ya ci ɗaya a gabanta ba tayi, sannan ya miƙa wa ɗan aiken bayanin. Aka ce ya ɗauko saƙonnin jiya, ya ɗauko. Aka ce na mai saye ɗaya kaɗai, ya ware su tsaf.

"Kai! Har da misali kika ba shi. Wa ya rubuta miki wannan?"

"Wadda ta koya maka ɗaure igiyar takalmi kana aji uku."

"Sharri ne. Takalmin ne ya zo da igiya marar tarbiyya."

"Sa hannu, malam, rana na yi."

"Tsaya tukuna, ba a yi ruwa ba."

Sai ga Efraín, ƙaton mutum, ya durƙusa ya shige ƙarƙashin tebur, ya zare wayar intanet. Haka suke gwaji a nan, don a duwatsun nan da hadari ya taso intanet ne ke fara gudu. Ya fito yana haki, ya sake tambayar ɗan aiken, wanda a cikin kwamfutar yake zaune. Amsa ta fito: "Babu sabon saƙo yau."

Maritza ta zabura. Wannan ce maganar da mahaifinta zai ji a waya ya koma gona hankali kwance, alhali mai saye na can yana jira.

"Ai manhajar ta dawo da alamar kuskure!" ta ce. "Ni na sa mata da hannuna!"

"Kin sa. Kin gaya masa ma'anarta? Ya ga hannu wayam, ya ce ba kowa. Ke kin sani a kanki, shi kuwa ba ya shiga wannan kan naki, kuma na taya shi murna."

"Efraín..."

"Ki dawo bayan girbi, 'yar goggo. Zan ajiye miki ledar ki riƙa shinshinawa."

"Ba inda za ni. Gwaji ya tsaya, ko? To ba ni kwamfutata."

Ta fizgo ta, ta duƙufa. Ta rubuta a fili cewa akwati wayam daban, kasa shiga akwati daban, ga alamar kowanne, ga abin da za a gaya wa manomi in hanya ta yanke. Haushi take ji, kuma ba na Efraín ba ne, na kanta ne.

"A hankali, kada ki karya madannan. Ba gadon gidanku ba ne."

"Ci abinka, tumbi. Da a ce da ciki ake duba aiki, da tuni kai ne shugaba."

Ta tura masa, ta mai da hannu baya, ta cije leɓe. Ya sake tambaya. Ɗan aiken ya ce: "Ban samu shiga akwatin ba. Kada a ɗauka babu saƙo, zan sake gwadawa."

Efraín ya karanta, ya sake karantawa, yana neman abin kushewa bai samu ba. Ya koma ƙarƙashin tebur ya mai da wayar, garin fitowa ya buga ƙeya da katako.

"Allah ya ƙara," in ji Maritza. "Tebur ma ya gaji da kai."

Ya fashe da dariya yana shafa kai, ya sa hannu, sannan ya turo mata ledar da buñuelo ɗaya tak a ciki.

"Ungo, kin ci. Amma ki gaya wa Don Aurelio ni na ceci kofinsa bana."

Ta gatsa, idonta ya ɗan kawo ƙwalla, ta ɗauko waya tana neman lambar mahaifinta.

"Zan gaya masa an yi ruwa da safe," ta ce, "mai ƙaton ciki, amma bai tafi da komai ba."