Baƙon da Na Yanka wa Kaza

Har yau ban sani ba, baƙon nan ya iso ne ban gane shi ba, ko kuwa yana hanya? Maigidana kaɗai zai ba ni amsa, ga shi wata bakwai ke nan da aka kai shi makwancinsa. (Ci gaba da rubutu, jikata, hawayen ba sa hana ni magana.)

Ba zan taɓa mantawa da ƙarshen daminar da Bature ya tafi ba. Muna Jiwa, duk inda kuke ganin benaye yanzu gonar doya ce da dawa. Maigida tela ne. Ran nan ya dawo daga kasuwar Abuja ta da, wadda kuke kira Suleja, da ƙyalle kore da fari a hammata, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Ya ce, "Jibi Indifenda zai iso. A share gida, a yi wa yara wanka. Mun daɗe muna jiransa."

Da na tambaya, da na huta. To amma yayarsa, Yaya Hajo, tana zaune tana tsince gyaɗa, ita kuwa kullum cewa take ƙanenta ya auro Bagwariyar da ba ta san komai ba sai ɗaukar itace a kafaɗa. Na rantse a raina ba zan ba ta abin faɗa ba. Sai na gyara murya kamar na san mutumin tun yana goye, na ce, "Allah ya kawo shi lafiya."

Na share zaure har sau biyu. Na shimfiɗa sabuwar tabarmata. Kaza ɗaya gare ni a duniya, ja, mai ƙwai, wadda innata ta ba ni. Na dube ta, ta dube ni, na ce babban baƙo ba ya cin miya tsirara. Na kai wa maƙwabci ya yanka.

Da ranar ta zo, maigida ya ɗinka wa yaranmu uku tuta kowa da tasa, ya ɗaura musu a karan dawa. Suka yi ta fareti a tsakar gida, shi yana gaba yana buga tsohuwar garwa, autarmu tana baya tana faɗuwa tana tashi. Ni kuwa ina leƙen hanya. Har wani mai tallan gishiri na durƙusa wa.

Rana ta take, tuwo yana hucewa. Maƙwabta sun cika gidan suna kallon fareti. Na zo gaban kowa na durƙusa.

"Maigida, shi Malam Indifenda a ƙafa zai zo ko a keke? Kuma ban sani ba ko yana cin yaji."

Garwa ta yi shiru. Yaya Hajo ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗa cikin gyaɗa, tana cewa, "Ku zo ku ji! Ta yanka wa mulkin kai kaza!" Na so ƙasa ta tsage in shige, da ni da tabarmar.

Maigida bai yi dariya ba, ko da yake na ga gemunsa yana rawa. Ya ɗauki cinyar kazar, ya sa a kwano, ya rufe da faifai. Ya ce, "Yaya, ki daina. Duk garin nan kowa ihu yake yi masa, ita kaɗai ta shirya masa wurin zama."

Daga ranar sunana ya koma Uwar Baƙo. Duk shekara yara su yi tuta, daga baya jikoki, ni kuma in ajiye cinya. In yamma ta yi, duk wanda ya fara sallama shi ke ci: Bafillatana mai nono, leburan da suka zo fasa titi, wata shekara ma ɗan sanda. Abin da na koya shi ne, tambaya ba ta taɓa kashe kowa ba, amma rashinta ya kashe min kaza.

Da ciwonsa ya yi tsanani, ina ba shi kunu a cokali, na ce masa na gaji da jiran baƙon da ba ya zuwa, bana ba zan yanka komai ba. Ya riƙe hannuna, gemun nan ya sake rawa.

"Uwar Baƙo, kada ki naɗe tabarmar. Ki ajiye masa cinya, yana tafe."