Injin Ƙyanƙyasar Mainassara

"Kaza? Me kaza ta sani? Ko ajin lakwal ba ta taɓa shiga ba! Ni Mainassara, abin da take yi a wata guda, ni kafin la'asar na gama shi."

Haka fa ya faɗa, ɗan'uwa, a teburin mai shayi a Dantchiao, da kunnena na ji. Mainassara dai sau ɗaya aka taɓa tura shi Damagaram formasiyo, wato horo, kan kiwon kaji, rabin zaman kuma gyangyaɗi ya sha. Amma tun da ya dawo, ko atishawa ka yi sai ya gaya maka dalilinta a kimiyyance. Muna ce masa Na-Bature, shi kuwa yana jin daɗi, ya zaci yabo ne. Ga shi bana ya tsaya takarar konseye, wato kansila, yana neman abin da zai burge gari.

To ka san zabuwa ba ta iya reno ba, shi ya sa ake sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai. Surukarsa Laraba ta tara ƙwan zabinta na daminar nan kaf, ta aiko wa 'yarta Rakiya, matarsa, daga Sassumbrum, ta ce jarinta ke nan. Rakiya ta zuba su ƙarƙashin baƙar kazarta. Su ne Na-Bature ya ƙyalla ido ya gani.

"Maigida, ka rufa mini asiri," in ji Rakiya. "Ƙwan Inna ne fa."

"Ke dai tanadi dawa. Yau gidan nan sai kin rasa wurin taka ƙafa don 'yan zabi."

Ya zura hannu akurki. Kaza ta ce ba ta san zancen ba. Ta tashi da shi, sara a hannu, sara a goshi, har hularsa sai da ta faɗa kwatami. Ya fito da ƙwai cikin riga yana haki yana cewa, "Kun gani? Haka jahili yake, in ka zo da ci gaba sai ya yi maka adawa."

Injin kuwa, tukunyar suna ce ta maƙwabta, da ampul ɗaya na lantarki, da batir. Ya girka shi a ƙofar gida, ya jera ƙwan a ciki, ya aika a yi shela. Kan ka ce kwabo gari ya taru, har maigari da kujerarsa.

"Jama'a, kimiyya ba wuya," in ji shi. "Kaza zafinta kaɗan ne, shi ya sa take daɗewa. In ka ƙara zafi, ka rage kwana. Ƙarya na yi?"

Muka ce ina, ai kai ka je Damagaram.

Ya haɗa waya. Ampul ya yi ja, ya mutu murus. Ashe tun safe yake sa wa mutane sarjin wayar salula kyauta da batir ɗin, wai neman ƙuri'a.

"Ba komai! Zafi zafi ne. Bunu, miƙo murhunka."

Bunu mai shayi ya kawo murhun gawayi, aka ɗora tukunya. Can sai wani ƙwai ya ce ƙas!

"Ya fara fitowa!" Mainassara ya daka tsalle. Ya leƙa, sai ƙauri ya buge shi. Ya dafe goshi. "Af! Na tuna. An ce mana sai da danshi. Ku kawo ruwa!"

Wallahi ɗan'uwa, bokiti guda ya juye. Ya rufe, ya ɗauki mafici yana fifita wuta, zufa na zuba. Tukunya ta fara ɓararraka, ƙwai na bugun juna.

"Ku yi shiru! Kun ji? Su ne suke ƙwanƙwasawa!"

Maigari ya gyara zama ya ce, "Na-Bature, ni fa wannan ƙarar kamar na san ta."

Ana haka sai ga kabu-kabu ya tsaya. Wa za a sauke? Laraba! Ta zo duba kwanciyar kazar 'yarta. Mainassara, wanda tun aurensa bai taɓa haɗa ido da ita ba, ya zube ƙasa yana gaisuwa, mafici a hannu. Tsohuwa ta dubi tukunya, ta dubi Rakiya da ke tsaye a zaure tana hawaye. Ni kaina sai da tausayin yarinyar nan ya kama ni.

"Buɗe mana mu ga zabi," in ji maigari.

Ya buɗe. Tururi ya tashi. Ya tsamo ɗaya da ludayi, ya ce wataƙila ɗan ya gaji ne, bari ya taimaka masa. Ya fasa, ya ɓare. Fari fat, ya dahu lugub, kai ka ce daga tiren 'yar talla aka ɗauko.

Dariya ta kece, har Bunu yana birgima. Laraba kuwa ko murmushi. Ka san suruka ba ta yi wa mijin 'yarta magana kai tsaye, don haka sai ta juya wajen Rakiya, ta ɗaga murya yadda masu ƙuri'a za su ji:

"Rakiya, ki ce wa mijinki sannu da karatu. Ki ce masa wannan kimiyyar tasa, mu a Sassumbrum jikata ma ta iya ta, sai dai ita ba ta manta gishiri da yaji."