Bajapanen Ammariyya

Abin da ba zan taɓa mantawa ba a zamana na Jidda shi ne wata liyafa a unguwar Bagdadiyya. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a kamfanin kayan gyaran mota, iƙamata, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, ina ta neman hanyar da kafilina, wato maigidan da ya tsaya mini, Alhaji Usman, zai gane ba ɗaukar kwali kaɗai na iya ba.

Ran nan ya ce, "Yalla, shirya. Wani Bature ya zo daga Jamus, kai ne mai Turanci." A makon kuwa na saurari wani shirin rediyo kan darasin da Turai za ta koya daga Japan. (Rabinsa na ji, barci ya cinye sauran, amma hakan bai hana ni zama masani ba.)

Da muka isa, sai na ga wani mutum kusa da Baturen, fari, mai ƙananan idanu, cikin kwat. Na ce a raina, Allah Ya kawo Bajapane har gida! Na rusuna masa kamar mai ruku'u. Ya dube ni, ya ɗan gyaɗa kai.

Ana zuba shinkafa na buɗe makaranta. Na ce wa Baturen, "Ku dubi Japan. Ba su da ɗigon mai, amma ba sa rigima da masu sayar musu, ciniki kawai. Sai dai ku kula: gidajensu sun taɓa yin tsadar hauka, farashin ya rufto, suka yi nawar gyara bankuna, arzikinsu ya yi shekaru yana jan ƙafa. Ga tsofaffi birjik, jarirai kaɗan. Ku ma can kuka dosa." Duk gaɓar da na kai sai in waiwayi mutumina in ce, "Ko ba haka ba?" Shi kuwa sai ya gyaɗa kai, bakinsa cike.

Da a nan na tsaya, da na tsira. Amma daɗi ya kwashe ni, na juya da Hausa na ce, "Alhaji, ka ga Bajapanen nan? Ko uffan, sai loda shinkafa. Haka suke cinye duniya a ɓoye."

Mutumin ya ajiye cokali. Da Hausa tsantsa ya ce, "Ya akhi, wallahi yunwa ce kawai. Ni Japan ko a mafarki ban taɓa zuwa ba."

Ashe Abu Faisal ne, abokin Alhaji tun yarinta. Kakanninsa daga Bukhara, can tsakiyar Asiya, suka zo aikin hajji, shi kuma a unguwar Ammariyya ta nan Jidda aka haife shi, a tsakiyar Hausawa. Na ji kamar in shige ƙarƙashin faranti. Alhaji ya yi dariya har shimaginsa, ƙyallen nan na Larabawa, ya zame daga kansa, sannan ya ce lallai ni zan fassara wa Baturen abin da ya faru. Da bakina na fassara.

Baturen, mutumin kirki, ya ce maganar bankunan gaskiya ce, ya tambayi jami'ar da na yi. Na ce, "Rediyo." Abu Faisal ya dafa kafaɗata ya ce, "Halas, shi ke nan, Usman, kar ka saki yaron nan, yana da baki." Aka sabunta mini iƙama, aka kuma laƙaba mini Jakadan Japan.

Ban san ko Turai ta ɗauki darasina ba. Nawa dai shi ne: a Jidda, kafin ka yi gulmar mutum da Hausa, fara tambayarsa ya gida. In ya ce "lafiya lau", to ka ci shinkafarka.