Namadi da Kujera Mai Juyawa

Wani mutum ne a unguwarmu, Namadi Mai Zane. In dai cika baki ne, ko maroƙi albarka. Wai shi ba da hannu yake zane ba. Halwa yake shiga, ya rera baitocin waƙa, sai wani rauhani ya sauko ya kama burushi.

Rauhanin nan kuwa agwagwa ce. Namadi zai kulle ɗaki, ya tsoma ƙafafunta a fenti, ya barbaɗa dusa a kan farin ƙyalle, ta bi tana tsattsaga tana tattakewa. Shi nasa raɗa suna ne kawai. Wannan "Zuciyar Akawu Ranar Litinin", wancan "Ran Manaja Yana Neman Hutu".

Wasa-wasa sai ga Alhaji Dikko, shugaban wani kamfanin sabulu, ya sayi guda ya rataye a ɗakin taro. Da ya ce ya ga hikima a ciki, manajoji duk suka gan ta, har da wanda ya manto tabarau a gida.

Alhaji ya aika wa Namadi cewa za a naɗa shi Daraktan Ilhama, da ofis mai sanyi da kujera mai juyawa. Kujerar nan kuwa ita ce burin Namadi a duniya. Kafin la'asar ya hana masu shayi kiransa da sunansa, sai dai Darakta.

Amma dokar kamfani, ba a ɗaukar mutum sai an gwada shi a gaban manajoji. Namadi ya zuba babbar riga, ya cusa agwagwa a hammata, ya shiga yana taƙama.

Ya ce, "Kowa ya rufe ido. Rauhanina akwai kunya. Wanda ya leƙa, shi da ƙarin girma har abada."

Ruf! Ido ya rufu ko'ina.

Ya shimfiɗa ƙyalle a kan teburi, ya tsoma ƙafafun agwagwa a jan fenti, ya barbaɗa dusa, ya ɓarke da waƙa don kada a ji motsi. Abin da bai sani ba, a kamfanin nan ba a zaman taro sai da farantin cincin a gaban shugaba. Agwagwar da ta tashi a kan dusa ta hango cincin. Ina ita ina ƙyalle!

Fat-fat-fat ta bi teburi, ta dira a kan farar shaddar Alhaji.

"Kwak!"

Namadi ya yi ihu, "Kada ku buɗe! Yaren rauhanai ke nan!"

Alhaji ya buɗe. Ya dubi ƙirjinsa, ya dubi zanen bango. Sawu ɗaya sak.

"Namadi, wannan ne rauhanin?"

Namadi ya ce, "Ranka ya daɗe, rikiɗa ya yi."

Alhaji ya jinjina kai. "To madalla. Tunda mai aikin ya zo da kansa, me za mu yi da ɗan aike? A kai shi ofishinsa."

Manajoji suka haɗa baki, "Hikima, ranka ya daɗe!"

Namadi ya durƙusa. "Ni fa, Alhaji? Na riga na gaya wa unguwa na sami aikin kujera."

Alhaji ya ce, "Ba za mu ƙaryata ka ba."

Yanzu in ka leƙa ofishin, za ka tarar da agwagwa a kan kujera tana shan sanyi. Namadi kuwa yana tsaye a bayanta, shi ke juya mata.