Yadda na ƙona littafin Kanar Duhu

Yawancin abubuwan shekarar yunwa sun fita daga kaina, kuma na gode wa Allah da suka fita. Amma ba zan taɓa mantawa da abin da na yi wa littafin Fuseini ba. Har yau idan na tuna sai kunnuwana su ɗauki zafi, in rasa wanda zan fara zagi, ni ko shi.

Fuseini ƙanin matata Memuna ne. Yana cikin mutanenmu da aka koro daga Najeriya a farkon shekarun tamanin, lokacin da a nan Tamale ko masarar koko sai an bi layi. Kowa ya dawo da abin nunawa, wani rediyo mai kaset, wani katifa a ka, wani keken ɗinki. Namu ya sauka a tashar Aboabo da jaka ɗaya. Memuna ta buɗe tana addu'ar Allah ya sa madara ce ko sabulu. Littattafan Turanci ne guda biyu, babba da ƙarami, da wasu 'yan duwatsun roba masu lamba a jiki irin na ludo, sai dai waɗannan fuskokinsu sun fi ƙarfin ƙirgata. Wai Baturen da ya yi wa aikin gida a Legas ne ya ce ya zaɓi abin da yake so. (Baturen nan yana da fanka, yana da dutsen guga. Ku riƙe wannan, don ku san ba ni kaɗai ne wawa a labarin nan ba.)

Ni gyaran keke nake yi a bakin kasuwa. Karatuna a firamare ya tsaya, amma ina iya bin Turanci da yatsa idan ba a gaggauta ni ba. Halina kuwa, ni ne mutumin da zai ɗaure wa wani birki, ya karɓi kekensa ya tafi, in bi shi a guje in ce ya tsaya in sake dubawa. Sau da yawa nakan dawo daga rabin hanya don in taɓa kwaɗon ƙofar da na san na kulle.

Zamanin kuma ba na wasa ba ne. Sojoji ke mulki, akwai dokar hana fita, kuma ba a daɗewa rediyo bai ce an kama masu shirin juyin mulki ba. An taɓa tafiya da wani maƙwabcinmu saboda katan ɗin sabulu da aka samu a ƙarƙashin gadonsa. Da ya dawo, kansa a aske, ya daɗe ba ya iya zama a benci.

To a irin wannan lokaci ne Fuseini ya fara tara abokai a ɗakin da na ba shi, kowace Asabar bayan azahar. Akwai Iddrisu, karen motar da aka ɗora motarsu a kan duwatsu don babu taya, da wani malamin makaranta da kowa ke kira Tica, da wani tela. Su shiga su turo ƙofa. Wata Asabar ina tsakar gida ina neman hujin tayar keke a cikin bahon ruwa, sai na ji muryar Iddrisu.

"Ni zan riƙe masu gadin ƙofa. Tica, kai ka hau rufin gidan rediyon."

"Sojojin Kanar nawa ne a ciki?" in ji Tica.

"Sai ka shiga za ka sani," in ji Fuseini. Na ji duwatsun nan sun gangara a kan tebur. "An harbe ka, amma harsashin bai shige ka ba."

Gidan rediyo. Kanar. Harsashi. A gidana, a ɗakin da na share da hannuna!

Da suka watse na leƙa ta taga, na ga Fuseini ya hau kujera yana cusa ƙaramin littafin tsakanin kwanon rufi da katako. Babban kuwa yana nan a yashe kan tabarma. Wato ƙaramin ko abokansa bai yarda su gani ba. Washegari da ya fita neman aiki na sauko da shi, na sa a akwatin sifana da sauran kayan aikina, na tafi da shi kasuwa.

Bangon ya yage tun a hanya. Ina buɗewa na ci karo da taswirar wani gari a bakin teku, an yi wa gidan rediyo da gidan wuta da madatsar ruwa alama. Ban taɓa zuwa Akara, babban birnin ƙasarmu, ba, amma na san tana bakin teku, don haka magana ta ƙare. A saman shafin farko an rubuta cewa shugaba kaɗai zai karanta, kada sauran su gani. Sai labarin wani Kanar, wanda idan aka juya sunansa zuwa Hausa zai zama Kanar Duhu, da yadda zai kama gari cikin kwana ɗaya. Bayan haka sai mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da ya iya da lamba a gefe. Wannan harsashi ba ya huda shi. Wannan yana ɓacewa. Wannan yana ɗaga mota da hannu.

Yanzu za ku ce ai nan ya kamata in gane. To ku gaya mini, wanda ya tashi a garin nan, wane ne bai san mai maganin bindiga ba? Wane ne bai ji labarin mai layar zana ba? Kakana yana da riga da aka ɗinke da layu tun daga wuya har ƙasa. Abin da ya ba ni mamaki kawai shi ne yadda Turawa suka ci gaba har suna auna ƙarfin laya da lamba. Na ga hoton wani ƙato ya rufe fuska, ya ɗaura zane a wuya yana tashi sama, na ce to, wannan malaminsa ya iya aiki. Kalmar wasa kuma tana kusan kowane shafi, na gan ta sarai. Amma wane mai juyin mulki ne zai rubuta juyin mulki a takardarsa?

Na karance shi tas, har shafin ƙarshe, ina gumi, ina ɓata wa mutane kekuna. Idan na kai ƙara, na kashe ƙanin matata da bakina. Idan na yi shiru aka zo aka samu littafin, a rufin wa aka samu? Nawa. Idan kuma na tambayi Fuseini, sai ya ce tunda ka sani ka zama namu. (Memuna ban ko fara tunanin gaya mata ba, wai kada hankalinta ya tashi.) Na juya abin ta kowace fuska, na ga hanya ɗaya ce za ta tsirar da wuyan yaron nan. Da safe, Memuna ta tafi famfo, na yayyaga littafin na tura ƙarƙashin tukunyar koko. Na tsaya har ya cinye, na dama tokar da ruwa, na zuba a masai. Na koma na sake duba murhun, kun san hali.

Daga nan na hau keke zuwa Tishigu wurin Kawu Alhassan, yayan mahaifiyar su Memuna, dillalin shanu, wanda duk dangin ke tsoron muryarsa. Na ce ya kira yaran nan huɗu ya ja musu kunne, amma a asirce, don maganar ta rai ce. Na maimaita masa: a asirce.

Ban san abin da Kawu ya ɗauka asiri ba. Da na iso bayan la'asar zauren a cike yake. Ga 'yan'uwansa, ga Fulanin da suka kawo masa shanu, ga ladanin unguwa, har mai nono ta sauke ƙwaryarta a bakin ƙofa tana leƙe. Su Fuseini suna durƙushe a tsakiya suna kallon juna.

"To, suruki," in ji Kawu, "ga su. Faɗi abin da ya hana ka barci."

Na so in ce a rage mutane, amma an riga an zuba mini ido. Na miƙe tsaye (babu wanda ya ce in miƙe) na fara. Na faɗi gidan rediyo, na faɗi madatsar ruwa, na faɗi Kanar Duhu da mayaƙansa masu layu. Zauren ya yi tsit, ladan yana ta salati. Ganin ana saurarona sai na ƙara zaƙewa, na juya kan yaran ina nuna su da yatsa.

"Kuma ku sakarkaru, ba ku ma san an sayar da ku ba! Likitar nan da kuke kai mata raunukanku, kuka ba ta amana, ita ce 'yar Kanar ɗin! Ita ke kai masa labarinku! Yana nan a shafin ƙarshe!"

Iddrisu ya dafe kai da hannu biyu. "Likita? Likitarmu?"

"Na faɗa muku!" Tica ya daka wa tela duka a kafaɗa. "Tun farkon damina nake cewa matar nan ba ta kwanta mini ba, kuka ce ina da mugun zato!"

"Masta, ka kashe mu," in ji Iddrisu yana kallona. "Wallahi ka kashe mu. Saura kaɗan mu gano da kanmu."

Na juya wurin Kawu na ce, "Ka ji ko? Sun amsa da bakinsu."

Fuseini ne ya yi magana, a hankali, kamar mai yi wa ƙaramin yaro bayani. Ya ce wasa ne na zaune. Kowa yana ɗaukar jarumi ɗaya mai wani ƙarfi na ƙarya, ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, a jefa duwatsu a ga ko ya yi nasara. Babban littafin dokoki ne. Ƙaramin kuma labari ne guda ɗaya da aka shirya, da garinsa da mugunsa da asirinsa, mai jan wasan kaɗai ke karantawa. Shi ya sa yake ɓoye shi a rufi, don Iddrisu ɓarawon leƙe ne. Kuma su ba mutanen Kanar ba ne, su ne masu hana shi kama garin.

"Ana sa kuɗi?" in ji Kawu.

"Kawu, wa ke da kuɗi?"

"Wato tatsuniya ce da ludo." Kawu ya dube ni daga sama har ƙasa. "Suruki, ka tashe ni daga cinikin bijimi don in yi shari'ar tatsuniya?"

Wani Bafulatani ne ya fara dariya, a ɓoye cikin rawaninsa, daga nan zauren ya fashe. Mai nono har da riƙe bango. Ni kuwa ina tsaye, yatsana bai ma gama sauka ba.

"Kawo littafin mu ga wannan Kanar," in ji Kawu yana share hawaye.

Da ƙasa za ta buɗe a lokacin, da na gode mata. Na ce, "Na ƙona."

Dariyar ta ci gaba, amma ban da mutum huɗu. Fuseini ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Yaya, a kaina na ɗauko shi daga Legas. Ruwa ya dake mu a kan iyaka, na cire rigata na naɗe shi. Mu huɗun nan ba aikin kirki, ba abinci, ranar Asabar kaɗai muke mantawa. Ɗakinka da nawa bango ɗaya ne. Ba ka iya ƙwanƙwasawa ka tambaya ba?"

"Ranka nake ceto!" na daka masa tsawa, don kunya ta riga ta koma fushi. "Wane irin mahaukaci ne zai zauna a ƙasar soja yana ihun gidan rediyo? Da wani ne ya ji ba ni ba fa?"

"Wannan kam gaskiyarsa ne," in ji Kawu. "Ku rage murya. Kai kuma suruki, zauna, ka tsaya mana a ka kamar sandar tuta."

Wannan 'yar gaskiyar ita kaɗai na samu na koma gida da ita, kuma har yau ina riƙe da abata. A gida Memuna ta gama da ni. Ashe ta san komai tun ranar farko, har takan tsaya a taga ta ji yadda ake ciki. Na ce don me ba ta gaya mini ba? Ta ce, "Ka tambaye ni? Kuma da ka ƙona, ai sai ka bar mini takardun in riƙa kunna wuta da su a hankali, ashana ta yi wuya."

Fuseini ya yi makonni ba ya ce mini komai sai gaisuwa. Na sa direbobin Kumasi su duba mini irin littafin, suka dawo suna tambayata ko na warke. Asabar ta zo ta wuce, ɗakin shiru, shirun nan kuwa ya fi zagi ciwo.

Sai wata Asabar na ga su Iddrisu sun dawo. Fuseini ya samo takardun buhun siminti ya zana taswira da kansa, wannan karon ta Tamale, da kasuwar Aboabo da komai. Na ji daɗi ƙwarai, na ɗauko baho na zauna kusa da taga. Sai na ji yana cewa, da murya ƙasa-ƙasa yadda Kawu ya umarta:

"Sabon mugun sunansa Kanar Toka. Yana zaune a bakin kasuwa cikin tsofaffin tayoyi. Duk abin da ya karanta sai ya kama da wuta. Rauninsa ɗaya ne: idan ya biyo ku, ku ce masa bai kulle ƙofa ba, zai koma."

Suka yi ta dukana a wasan kowace Asabar har aka yi girbi, a ɗakina, a kan tabarmata. Sunan kuma ya fita waje. Yau jikokin Iddrisu ma Kanar suke kirana, ba su san dalili ba, har wasu baƙi na ɗauka na yi soja.

Abin da na koya? Kafin ka ceci ran mutum, ka ƙwanƙwasa ƙofa ka tambaye shi ko ran nasa yana cikin haɗari. Idan kuma ka riga ka karanta littafin da aka ce kada ka karanta, to ko a gaban Kawu ne, ka rufe bakinka game da likita.